Tsarabar Inna

Shekarar da maigidana ya zama likita ba a yi walima ba, ba a kuma yanka ko zakara ba. Ofishinsu ne ya tura shi bita Kano a kan yadda ake taimakon wanda ya ji ciwo kafin a kai shi asibiti. Da safe ya fita yana ma'aikacin sakatariya a Bebeji, mai buga hatimi a takarda. Da la'asar ya dawo da takardar shaida da wani jan akwati na roba mai hawa biyu. Tun daga ranar babu wanda ya sake yin atishawa a gidanmu hankalinsa kwance.

Yarana suka koyi ɓoye rauni. Autana ya taɓa yin tuntuɓe a ƙofar gida, 'yar ƙujewa ce irin wadda a da ake tofa mata yawu a wuce. Uban ya zaunar da shi a kan turmi, ya sa safar hannu, ya wanke, ya shafa aidin, ya naɗe ƙafar tun daga yatsu har ƙwauri, sai ka ce ƙullin alala. Matan unguwa suka yi ta shigowa dubiya. Ni kuwa na yi ta amsa «ya mai jiki» a kan yaron da yake can lungu yana buga ƙwallo da ɗaya ƙafar.

Mai ciwon gaske a danginmu ita ce Inna, mahaifiyata. Hawan jini gare ta. Tana zaune a gidanmu na gado tare da ƙanena da matarsa, lungu ɗaya ne tsakaninmu. Likitan da yake duba ta ya ja mini kunne a gabanta, ya ce ƙwayar nan fara 'yar mitsitsiya kullum safiya sai ta sha, ko tana jin ciwo ko ba ta ji, kuma ranar da aka fara wasa da ita, ranar aka fara neman shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka kafin in wuce makarantar da nake koyarwa sai na biya ta wajenta, in ɓallo ƙwayar, in miƙa mata da kofin ruwa, in tsaya har sai na ga maƙogwaronta ya motsa. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. «Ke» take ce mini, ko kuma in ranta ya ɓaci, «malamar asibiti».

Duk dogon hutu na damina muna kai ta ƙauyensu a ƙasar Doguwa, gidan yayanta, Kawu. A da maigidan ajiye mu kawai yake yi, ya sha ruwa, ya juya. A wannan shekarar sai ya ɗauki hutu, wai yana marmarin iskar ƙauye. Mutumin da in ya kwana a garin da babu fanka sai ya yi mako yana ba da labari. Na dai san akwatin ne yake bukatar 'yan kallo.

Ana jibi za mu tafi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya zazzage kayansa. Bandeji manya da ƙanana, auduga, filasta, almakashi iri biyu, man zafi, man ƙuna, maganin tari, maganin gudawa, maganin zazzaɓin cizon sauro na manya da na yara, garin nan na gishiri da sukari, ma'aunin zafin jiki, har da wani baƙin dutse da ya saya a kasuwa wai yana zuƙe dafin maciji. Yana ɗaga kowanne yana faɗa mana masifar da aka tanade shi dominta. Kunama, faɗowa daga bishiya, kifewar tukunyar tuwo, nutsewa a rafi. Kafin ya gama, ƙauyen da na yi ƙuruciyata ina zuwa ba tare da na taɓa ganin ko ƙadangare ya ciji wani ba ya koma filin yaƙi. 'Yata ta tsakiya ta raɓo jikina ta ce ita dai a bar ta a gida.

Na kawo ƙwayoyin Inna na ce ya sama musu wuri a ciki.

Ya dube su, ya dube ni. «Ai wannan akwatin na gaggawa ne. Wannan kuwa maganin yau da kullum ne.»

«To yau da kullum ɗin ba ta shiga mota?»

«Ba za ki gane ba. Akwai tsari.»

Ba zan gane ba. Ni da nake koyar da kimiyya a aji shida. Na ɗauko wani tsohon gwangwanin alewa, na zuba katin ƙwayoyin a ciki, wanda zai ishe ta har mu dawo har da ragi, na jefa a jakata.

Sai batun tsaraba. A da Inna ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, duk Bebeji an san hannunta, kuma da guminta take haɗa tsarabar garinsu. Da ciwo ya zo muka taru muka hana ta zama gaban wuta, muka ce ta huta, mun ɗauke mata komai. Mun kuwa ɗauke. Ni da ƙanena muka sayo sabulu da atamfa da man shafawa da goro, muka jibge a gabanta muna jiran sa albarka. Ta ɗaga turmi ɗaya ta juya shi, ta ajiye.

«Tsarabarku ta yi kyau,» in ji ta.

«Taki ce, Inna.»

«Uhm.»

Muka kama hanya da hantsi. Inna tana baya ta ja mayafi har goshi saboda surukinta ne yake tuƙi, ko tari ba ta yi a gabansa. Jan akwatin kuwa a gaba aka ɗora mini shi a cinya, domin kada girgizar but ɗin mota ta lalata tsari. A Kwanar Dangora muka sayi gasasshiyar masara, muka wuce Tudun Wada, muka shiga dajin Falgore, ko'ina kore shar. Yara suka hango birai a bakin titi suka hau ihu. Uban ya ce kada kowa ya damu, ko da biri ya ciji mutum akwai abin da za a yi. Daga bayan mota na ji Inna ta ce a hankali, «Allah ya kyauta.»

Ba mu gama sauke kaya a gidan Kawu ba labari ya zaga gari cewa mijin 'yar Bebeji likita ne. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma na san wanda bai musa ba. Washegari aka shimfiɗa masa buzu a gindin mangwaron ƙofar gida, mutane suka yi layi. Mai ciwon baya man zafi, mai ciwon gwiwa man zafi, mai ciwon haƙori ma na ga an ba shi man zafi ya shafa ta waje. Wani dattijo ya jawo bijiminsa na huɗa mai ɗingishi, aka duba shi da natsuwa. «Dakta» suke ce masa, shi kuwa yana amsawa da wata murya mai sanyi da ban taɓa jin ya yi mini magana da ita ba.

Tun yammacin da muka sauka Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo hannu.

«Ba ni gwangwanin nan.»

«Inna, ai ni zan riƙa ba ki.»

«A Bebeji ki yi mini mulki, na yarda. Nan garin ubana ne. Ba za ki tsaya a kaina da kofi a gaban matan 'yan'uwana ba kamar mai ɗura wa akuya magani. Ni na yaye ki, na san hanyar bakina.»

Na so in yi gardama, amma matar Kawu tana bakin ƙofa tana kallonmu, kuma a garin nan 'yar fari ba ta ja-in-ja da uwarta a gaban mutane. Na ba ta. Ta tura shi ƙarƙashin matashi.

Akwai wata mata da in ba ta zo ba, to Inna ba ta zo gida ba tukuna. Bafulatana ce daga rugar da take hayin rafi, tun suna 'yan mata take rako uwarta tallar nono gidan su Inna, suka shaƙu. Gwaggo nake ce mata. Doguwa ce siririya, duk da tsufa ba ta rankwafa ba. Ta zo da ƙwaryarta a kai, suka rungume juna, suka shige ɗaki suka saki labule. Daga waje sai dariya kake ji da Hausa gauraye da Fillanci. Inna da take yi mana magana a Bebeji da ɗaiɗai, kamar ana sayar da kalmomin, a nan bakinta ba ya rufuwa. Na ji daɗi har cikin raina, na ce hutun bana ya karɓe ta.

Kullum safiya ina tambaya. «Inna, kin sha maganin?»

«Ke ko gaisuwar ba ki gama ba.»

Ko kuma ta ce, «Tambaya sai ka ce alƙali.» Ko ta juya ta hau yi wa jikokinta faɗa a kan takalmi. Ni kuwa sai in ɗauka tsiwar da ta saba ce.

Da aka kwana biyu na ga ta fara ɗaure kai tamau da ɗankwali. Ta ce rana ce, alhali rabonmu da ganin rana sosai tun ranar da muka zo. Na gaya wa Dakta. Ya yi murna ƙwarai, domin wannan ne karo na farko da ciwo ya shigo cikin gida ya same shi. Ya buɗe hawa na sama, ya zaro maganin ciwon kai, ya ba 'yarmu ta kai wa kakarta, tunda shi ba ya shiga ɗakin suruka. Inna ta aiko a ce masa an gode, Allah ya ƙara ilimi. Ya yini yana maimaita addu'ar.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da laka. Muna zaune a rumfa da hantsi, Inna tana tsinkar zogale a faifai, matar Kawu tana ba mu labarin wata akuya da ta shiga masallaci. Sai faifan ya suɓuce. Na ɗauka dariya ce ta sa. Na sunkuya zan kwashe ganyen, da na ɗago na ga bakinta ya karkace gefe guda, hannunta na hagu yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba. Tana kallona tana son ta ce wani abu, harshen ya ƙi. Ban san lokacin da na kurma ihu ba.

Maigidan ya shigo a guje da akwatinsa, ya manta da wata kunyar surukuta. Ya durƙusa a gabanta ya ɓalle marfin. Ya ɗaga hawa na sama, ya duba na ƙasa, ya koma na sama. Wani bandeji ya faɗo ya gangara cikin laka yana warwarewa. Akwai maganin maciji a ciki, akwai na kunama, akwai na wuta da na ruwa. Ya ɗago ya dube ni, fuskarsa ta koma ta mai buga hatimi.

Na faɗa ɗaki na ɗaga matashin. Gwangwanin yana nan. Na buɗe, ɓarin goro ne a ciki, ya bushe.

«Ina maganin?» Na fito ina tambayar kowa da kowa. «Ina ƙwayoyinta?»

Matar Kawu ta dafe ƙirji. «Wai fararen nan? Ai ta ba ƙawarta tun ranar da ta fara zuwa. Ita ma ta ce kanta yana sara mata ta ƙeya, tana ganin jiri. Sai Innarku ta ce ai ciwonsu ɗaya, ta juye mata duka. Na zaci kin sani. Na zaci akwai wasu a wajen Dakta.»

Duk garin haka suka zata. Wa zai ga akwati mai hawa biyu ya yi tunanin akwai maganin da babu a ciki?

Zan faɗi gaskiya a kan mutumin nan, ko da ba na so. Kawu ya shigo yana cewa iska ce ta buge ta, a kawo garwashi a yi hayaƙi, wata tsohuwa kuma ta taho da kofin ruwa za ta ɗura mata. Maigidan ya miƙe ya tare su. Ya ce ba hayaƙi, ba ruwa, ko ɗigo kada a sa mata a baki, a kwantar da ita ta gefe, a ɗauko ta sai asibiti yanzu-yanzu. Ya faɗa da tsawa, a gidan surukansa, a gaban Kawu. Daga baya likita ya ce da an ɗura mata ruwan nan da wani labarin ake yi. Abin da ya ɗauko daga bitar ke nan mai amfani, kuma ba a cikin akwatin yake ba.

Motar ta kafe a laka kafin mu hau kwalta, sai da mazan gari suka tura. Na rungume kan Inna a cinyata har muka fita daga daji, ina kiran sunan Allah, ina zaginta a zuci, ina roƙonta kada ta tafi. A asibiti a Tudun Wada likitan ya auna ta, sannan ya tambaye ni yaushe rabonta da shan magani. Ni malamar asibiti, na tsaya ina kallon bango.

Ta rayu. Aka ba ta gado, aka sa mata ruwa, bakin ya ɗan dawo amma magana ta ƙi fita, sai wani gurnani da ni kaɗai nake ƙoƙarin fassarawa. Hannun hagu kuwa ko motsi. Ina zaune a gefen gadon ina ba ta kunu da cokali, raina yana tafasa. Na ji haushinta kamar in yi me. Mace da hankalinta, wadda aka yi wa bayani da Hausa, ta ɗauki ranta ta yi kyauta da shi kamar ƙullin daddawa. Amma a zaman nan na gane abin da ban so in gane ba. Duk kayan da muka loda a mota babu ko allura da za ta nuna ta ce nata ne. Atamfar tamu ce, sabulun namu ne, kowa a garin ya san haka. Mun hana ta wuta, mun hana ta kasuwa, mun bar ta da abu ɗaya tak da aka rubuta sunanta a kai. Aminiyarta ta zo da ciwo, ita kuwa Inna ba ta taɓa sallamar baƙo hannu rabbana ba.

Ganewar ba ta rage mini fushi ba, sai dai ta canza masa wuri, ya koma kan Gwaggo. Na shirya mata magana tsaf, na jera ta, na gyara, ina jiran ranar da za mu haɗu.

Ranar kasuwa sai ga ta. Ɗan acaɓa ne ya kawo ta tun daga ruga, zanenta duk feshin laka, ƙwaryar fura da nono a hannu. Ta tsaya a bakin ɗakin tana neman gadon da ido. Da ta ga Inna sai ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta zo ta durƙusa, ta kama hannun nan da ya mutu ta riƙe. Ba ta yi kuka ba. Ni ma na ajiye duk maganar da na shirya, na ce, «Sannu da hanya, Gwaggo.»

«Yawwa, 'yata. An ce mini rashin maganin nan ne.»

Ta jawo bakin zanenta, ta sa haƙori ta kwance wani ƙulli. Katin ƙwayoyin ne, an lanƙwasa shi, an naɗe a leda. Ta ɗora a kan gadon. Na ɗauka na juya shi. Ko ɗaya ba a ɓalle ba.

«Gwaggo, ba ki sha ba?»

«A'a. Ai maganin asibiti ne, na birni. Wa zai shanye irin wannan a kan ɗan ciwon kai? Na ce in adana shi sai ranar da ciwon ya kayar da ni.»

Na rasa abin da zan yi, dariya ko kuka. Ɗaya ta ba da saboda kara, ɗaya ta ɓoye saboda daraja, maganin yana ƙulle a bakin zane a hayin rafi, lafiyarsa ƙalau, ya fi kowa hutawa a hutun nan.

Maigidan yana tsaye a bakin ƙofa, tun da muka zo asibitin ba ya yawan magana. Ya matso ya rusuna ya ce, «Gwaggo, tunda kin zo, bari a auna ki.» Ya je ya roƙi ma'aikaciyar jinya, ta zo da abin awon, ta naɗa a damtsen Gwaggo. Gwaggo ta runtse ido ta kau da kai kamar za a yanka ta. Inna ta juyo da kanta a kan matashi da ƙyar, idonta a kan hannun matar. Aka auna, aka sake aunawa a ɗaya hannun.

Ma'aikaciyar ta yi dariya tana kwance abin. «Baba, ai jininki ya fi nawa kyau. Ba ki da hawan jini ko kaɗan. Ciwon kan nan a duba idonki, ko kuma ki rage ɗaukar kaya a kai. Allah ma ya taimake ki da ba ki sha wannan ba.»

Na dubi hannun Inna na hagu a kan zanen gado, hannun da ya yi shekaru yana murza ƙuli-ƙuli, wanda har yau da nake rubutun nan bai sake ɗaura mata zane ba. Na ce a raina, to Inna, kin ji. Kin ji abin da kika saya da shi.

Ta ji kuwa. Na ga leɓenta yana motsi, tana kokawa da harshenta, jijiyar wuyanta ta tashi. Na sunkuya na kai kunnena. Tun ranar da ta faɗi ba ta haɗa kalma ɗaya da wani zai gane ba, amma wannan kowa a ɗakin ya ji ta.

«Al... hamdu... lillahi.»

Rabin fuskarta da yake aiki yana murmushi, idonta a kan ƙawarta. Na ajiye kofin kunun a kan kujera, na fita baranda, na kifa kaina a jikin ginshiƙi na yi kuka har sai da wata mai jinyar ɗanta ta zo ta dafa ni tana ba ni haƙuri, tana tambaya ko yanzu aka yi rasuwar.